Rumbu Ɗaya Tsaye, Ɗaya a Kife

A shekarata ta ƙarshe a kwalej ɗin Tasawa, babu kalmar da ta fi yawo a bakinmu kamar mushe. Malami dai mushe muke ce masa tun daga ƙaramar lakwal, wato firamare, kamar kowa a ƙasarmu. Sai damina ta ƙi, dabbobi suka shiga faɗuwa a bakin hanya, aka koma cewa mushe ya tare hanyar Mayahi, mushe ya ɓata rijiya. Yara maza suka sami abin wasa, suna haɗa ma'anonin biyu suna ƙyaƙyata dariya. Ni wallahi ko sau ɗaya abin bai taɓa ba ni dariya ba.

Mushen da nake magana a kansa shi ne mai koya mana zane. Dogo ne siriri, kullum cikin farar riga, ga tsabta kamar mage. Kowa ya san daga babban birni aka jefo shi wurinmu saboda ya taɓa zana abin da bai yi wa masu kaki daɗi ba, kuma an ja masa kunne cewa in ya sake, ba canjin gari za a yi masa ba. Zamanin soja ne, kafin ka yi magana sai ka waiwaya. Rediyo kullum cewa yake abinci ya wadata, mu kuwa a gidan gwaggona, inda nake zaune don karatu, tuwo ya koma sau ɗaya a yini.

Shi ya koya mana fidda zanen zani. Ka sami sakaina, ka sassaƙa siffa a jikinta, ka tsoma a narkakken kakin zuma, ka buga a kan farin yadi, sannan a kai marina. Inda kaki ya zauna baba ba ya kamawa, sai siffar ta fito fari fat cikin shuɗi. Amma shi ko bakin ramin rini ba ya matsawa. Daga nesa yake nuna mana da sanda, yana tattare rigarsa, mu kuwa muna yi masa tsiya a ɓoye, wai mai koyar da rini yana gudun baba.

Doka ɗaya ce ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Ya ce zanin kirki ba shi da sama ba shi da ƙasa, don mace ba ta tsayawa neman kan zani kafin ta ɗaura. Saboda haka in ka buga siffa ɗaya tsaye, ta kusa da ita sai ka juya ta. "Ɗaya haka, ɗaya haka," yana juya tafin hannunsa.

Da aikin ƙarshen shekara ya zo, ya ce kowa ya zana abin da ya sani. Ni 'yar ƙauye daga wajen Tchaké, me na sani da ya wuce rumbu? Na sassaƙa rumbun babana, da ƙafafunsa da hularsa ta ciyawa, na bi doka, ɗaya tsaye ɗaya a kife har ƙarshen yadi. 'Yan ajinmu duk suka miƙa wa marina nasu. Ni da taurin kaina na ce ba mai tsoma mini, hannuna kuwa ya rine har wuyan hannu. Mushe ya daɗe yana kallon zanin a kan igiya. Ya ce layi ya miƙe, amma bai yi murmushi ba, sai ya ce in naɗe in kai gida in ajiye.

To ita gwaggona, Allah ya jiƙanta, sabon zani ba ya kwana a ɗakinta. Ta ɗaura abinta ta tafi layin rabon hatsi. Mata suka sha rana tun safe, ƙarshe aka ce su dawo wani jiƙon. A wurinmu kuwa zani bai shiga gari ba sai mata sun raɗa masa suna. Wata tsohuwa ta kama gefen zanin ta duba, ta ce, "Ke, wanga ba rumbu ne a kife ba? To sunanshi Rediyo Ya Ƙoshi." Layi ya kwashe da shewa. Gwaggo ta dawo tana ba ni labari tana dariya, ni kuwa na dubi hannuna da ya rine.

Kafin kasuwa ta sake ci, sunan ya kai tasha, ya kai rijiya. Wani mutum da ba mu sani ba ya fara zama a marina yana tambayar wa ya kawo zanin, aka ce masa aikin 'yan lakwal ne. Wata mota ta riƙa tsayawa ƙarƙashin bishiyar bedi daura da ƙofar kwalej, ba mai fita, ba mai shiga. Shugaban makaranta ya daina gaisawa da mushe. Gwaggo ta cusa zanin a ƙasan tukunya, dariyar ta ƙare. Na dirje hannuna da toka, na dirje da yashi har fata ta saluɓe, baba ya ce yana nan daram. Kuma na san ko ni aka kama, tambayar farko ita ce wa ya koya mini, daga nan kuwa tasa ta ƙare.

Wata rana bayan an tashi daga makaranta, ya tsayar da ni a bakin ƙofa ya ce, "Ɗiyata, yaushe rabonki da lalle?"

Raina ya ɓaci. Ina ruwan malami namiji da lallen ɗaliba? Na harari ƙasa.

Ya ce, "Ki ce wa gwaggonki ta ƙunsa miki yau. Mai kauri, har wuyan hannu."

Gwaggo ta riga ni ganewa. Ta kwaɓa lalle ta ƙunsa mini.

Washegari muna cikin darasi masu kaki biyu suka shigo, shugaban makaranta yana biye da su kamar wanda ruwa ya ci. Suka ce kowa ya ɗora hannuwansa a kan tebur. Muka ɗora, suka shiga bin layi-layi suna dubawa. Ɗaya ya zo kaina, ya dubi hannuna da ya yi baƙi wuluk da lalle, ya ce, "Amarya ke nan," ya wuce. 

Duk wannan lokaci mushe yana tsaye jikin allo, hannuwansa a baya. Da suka gama layin ƙarshe suka juyo za su sake farawa, sai ya fito da hannuwan nasa. Shuɗi ne har gwiwar hannu, har bakin farar rigar nan ya sha baba.

Ya ce, "Ku bar wahalar da yara. Ni na zana, ni na tsoma."

Ko kallon inda nake bai yi ba da suka fita da shi. Muna jin tashin motar, wani yaro a ƙaramin aji ya leƙo ta taga ya ce an ɗauke mushe, kuma a ranar ba wanda ya yi dariya.

Har na bar Tasawa ban haɗu da wanda ya san inda aka kai shi ba. Lallen ya koɗe, fata ta sake, amma shuɗin ya maƙale a gefen farcena. Da shi na rubuta jarrabawar fita. Gwaggo ta yi faɗa har ta gaji, wai na zama ƙazama, ni dai na ƙi yanke farcen.