Lemar Jakadan Bukoki

Ku da kuka zauna unguwar Bukoki a shekarun fari, wa zai ce ya manta da lemar Kapiten? Baƙa ce mai mariƙin ƙaho, kullum a naɗe, rataye a hannunsa. Sama fes, shanu na faɗuwa a daji, amma wannan tsohon Annasara ko bakin ƙofa ba ya fita sai da ita. In ka ce, "Kapiten, ai sai ka buɗe ta ko don rana," sai ya harare ka.

"Don ruwa aka yi ta. Rana cin ƙyalle take."

"To ina ruwan?"

"A ƙasarmu ruwa ba ya sallama, Tela."

Tela yake ce mini, don ni ke masa ɗinki a kasuwar Wadata, kuma katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ya yi soja da ƙuruciya, ya yi aikin jakadanci a ƙasashe barkatai, da ya ajiye aiki ya zo Yamai wai zai hau raƙumi ya ratsa hamada ya rubuta littafi. Ya ce kwana kaɗan zai yi a Bukoki. Kwana kaɗan ɗin nan har haƙoransa suka zube a cikinsu.

Mutumin Sikotilan ne, wadda 'yan lakwal, masu bokon Faransanci, ke kira Ekos. In kana son ganin kunnensa ya yi ja kamar tattasai, ka ce masa Ingilishi. Ranar da ya fara zuwa shagona, ya shimfiɗa wani yadi mai gidan dara, ya ce in ɗinka masa buje iya gwiwa. Na ce, "Madam ce ta aiko?" Wayyo ni! Ya buga lema a ƙasa.

"Da irin wannan kakana ya ci yaƙi!"

Na ce a zuciyata, lalle dariya ce ta kashe abokan gaba.

Rowa kuwa, kai, Allah ya yi ta a nan. Ganyen shayi sai ya dafa, ya shanya, ya sake dafawa, har ganyen ya tuba. Wata rana ya zuba wa limamin unguwarmu, liman ya ɗaga kofin ya duba, ya sunsuna, ya kurɓa, ya ce, "Launi bai sake ba, ƙamshi bai sake ba, ɗanɗano bai sake ba. Jama'a, alwala ta halatta da wannan." Kapiten ya ɗauka yabo ne, ya ƙara masa.

Littafin kuma a gindin dalbejiya ake rubuta shi. Sai ya tare direbobin arewa a tasha, ya yi ta yi musu tambaya, ya dawo ya zauna ya ratsa hamada da alƙalami. Na taɓa ce masa, "Kapiten, ka rubuta ƙishirwa ta kusa kashe ka a hanyar Bilma, alhali ranar nan kana shagona muna rigimar maɓalli." Ya ce, "Jakada ba ya ƙarya, Tela. Gyara zance yake."

To, fari ya yi fari. Rediyon soja kullum cewa yake babu yunwa a ƙasa, damina ce kawai ta yi jinkiri. Mu kuwa muna ganin jinkirin da idonmu, yana shigowa gari a ƙafa, da goyo da ƙwarya. Wata safiya muka tarar Kapiten ya buɗe ƙofarsa, wasu iyalai daga arewacin Tawa sun cika tsakar gidan, babbarsu wata tsohuwa, Inna Hajo, da akuyarta guda da ta rage. Mutumin da ke shanya ganyen shayi, shi ne ya sayar da sirdin raƙumin da bai taɓa hawa ba ya sayo gero. Shi ke dama kunun da kansa, kuma gishiri yake zubawa irin na ƙasarsu.

Inna Hajo ta kurɓa ta ɓata fuska. "Annasara, yunwa ba ta kashe mu ba, kai za ka ƙarasa mu? Wa ke sa gishiri a kunu?"

"Masu hankali, Inna."

"To ba ni muciyar, mu marasa hankali mu dama namu."

Ana haka aka ce manyan baƙi za su zo daga waje, sai a share gari. Sharar kuwa mutane ne. Kamiyo, wato babbar motar soja, na bin unguwanni yana kwashe 'yan gudun fari, a kai su bayan gari inda ba inuwa ba rijiya. Jikokin Inna Hajo biyu ba sa iya ko tsayawa, kowa ya san in aka jefa su kamiyo an gama. Shi ma Kapiten ya san baƙon da ya ja da soja jirgi ne makomarsa, kuma ya sha gaya mini ba shi da kowa a can sai kaburbura.

Ya zo shagona da shuɗin yadi da farin yadi. "Ɗinka mini tutar ƙasarmu. Yau."

Ranar da kamiyo ya tsaya, tuta na kaɗawa a kan gorar da muka kafa. Kapiten ya fito da bujensa, lambobin yaƙi reras a ƙirji, lema a hannu. Wani matashin hafsa, liyatna, ya diro.

"Yallaɓai, a fito da mutanen nan."

"Tsaya nan, Liyatna. Daga wannan dokin ƙofa ƙasar Ekos ce. Ambasad ke nan, gidan jakada."

"Ekos? Muna da hulɗa da ku?"

"Tun da safe."

"Waɗannan fa?"

"Ma'aikata ne."

"Wannan tsohuwar?"

"Babbar sakatariya."

"Akuyar fa?"

"Sashen noma da kiwo."

Kafin liyatna ya sami bakin magana, Kapiten ya ɗauko algaitar ƙasarsu, wadda ke da salka a hammata, ya ce za a yi taken ƙasa. Jama'a, kun dai ji kukan abin nan, kamar an take wutsiyar jaki. Soja kuwa ba ya jin take ya ƙi ƙamewa. Haka liyatna da yaransa suka tsaya a rana, hannu a goshi, gumi na zuba, Kapiten na ta maimaita baiti.

A zamanin nan sojan da ya taka ƙofar ambasad bisa kuskure ya san inda zai kwana. Liyatna ya ce zai tambayi na sama. Na sama ya tambayi nasa na sama. Ba wanda ke son a ce shi ne jahilin da bai san Ekos ba. Na ce, "Kapiten, in suka gano fa?" Ya ce, "Za su gano. Amma na yi aikin nan, Tela. Tambaya in ta shiga buro, ofis bayan ofis, sai ta yi furfura."

Ta yi furfurar kuwa. Baƙi suka zo suka tafi, aka daina shara, jikokin Inna suka fara bin akuya da gudu. Sannan amsa ta sauko, tare da jandarmomi biyu: babu ambasad, babu jakada, ya tattara ya bar ƙasar. Inna Hajo ta tare su a ƙofa da ƙwaryar kunu, ta ce ba inda Kapiten za shi sai ya sha. Ya kurɓa, ya tsaya yana kallonta. Gishiri ta sa. Ya miƙo mini lemar, ya ce, "Riƙe. Kada ka buɗe don rana."

Bai daɗe a can ba aka aiko ya rasu. Ruwan da ya yi ta jira kuwa ya sauko bayan tafiyarsa, irin mai ƙamshin ƙasa, ba sallama. Na fito da gudu na buɗe lemar. Wallahi rariya ta fi ta! Ya hana rana ta ci, asu ya cinye ta a naɗe. Na tsaya a ƙarƙashinta ina jiƙewa, na yi dariya har na durƙusa, daga nan kuka ya ƙwace mini.

Ya Allah, ba addininmu ɗaya da shi ba, hukunci kuma naka ne. Mu dai shaidu ne cewa ranar da bayinka suka rasa inuwa a garin nan, shi ya zame musu inuwa. Kai da ko ƙwayar gero ba ta ɓacewa a wurinka, ka duba masa wannan. Amin.