Ƙafar Kawuna da Farantin Alhaji

A shekarun da aka tashi mutanen bakin kogin Komadugu daga garuruwansu, ina aiki a labo, ɗakin gwaje-gwaje na wata likita, wato asibiti, a Difa. Ni ke duba jini da mugunya, ni ke rubuta sakamako a rajista. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, manomin tattasai ne daga wajen Boso. Ya iso da ƙafa a kumbure, domin tsinin itace ya soke shi ranar da suka gudu. Ɗakina guda ne, ga iyali, saboda haka wani Alhaji ɗan kasuwa mutumin Damagaram, wanda ya daɗe yana sayen tattasai a hannunsa, ya sauke shi a bayan kantinsa.

Lokotoro, babban mai duba marasa lafiya a wurinmu, ya wanke ciwon, ya rubuta kafso, ya ce a sha har ya ƙare. Kafin mako ya zagayo kumburi ya saɓe, kawu ya fara taka ƙafar.

Alhajin nan yana da wata al'ada da gari ke yabonsa a kanta. Kowace Juma'a, idan an sauko daga masallaci, yakan ajiye faranti a ƙofar gida. Duk ɗan gudun hijirar da ke zaune a inuwarsa, idan ya ji sauƙi, sai ya kawo ragowar maganinsa ya zuba. Alhaji kuma ya raba wa masu ciwo da hannunsa, fari da ja a gauraye, ana ta yi masa addu'a. Ban taɓa ganin sadakar da ta kai wannan arha ba: maganin wasu, lafiyar wasu, suna kuwa nasa. A cikin farantin nan na ga kafson kawuna.

Abin da ya tayar mini da hankali na koye shi tun muna makaranta. Bakteriya, ƙwayar cutar da ke ruɓar da ciwo, tana ɗauke da dafi da makarinsa a cikin kromozom ɗinta, wato zaren gadon da ke tafiyar da rayuwarta. Muddin tana cikin daɗi, makarin yana riƙe da dafin. Idan wuya ta zo, yunwa ko magani, makarin ke fara lalacewa, dafin ya kuɓuce. Sau da yawa ba ya kashe ta, tsayar da ita yake yi, ta daina girma, ta yi lamo. Masana ba su gama daidaitawa kan amfanin wannan tsari ba. Wasu sun ce kariya ce daga ƙwayoyin da ke cin bakteriya, wasu sun ce shi ke sa kaɗan daga cikinsu su tsira daga magani, tunda ƙwayoyin da ke cikin girma su ne yawancin magunguna suke kamawa. Abin da babu gardama a kansa shi ne, sauƙin ciwo ba ya nufin duka sun mutu. Akwai na kwance, suna jiran a janye magani.

Na durƙusa na gai da Alhaji, na yi masa wannan bayani a hankali, da ladabin da bai cancanta ba.

Ya dubi jama'arsa, ya kira ni mushe, yadda ake kiran ma'aikacin boko da Faransanci, ya ce, "Kun ji mushe? Wai cutar ma da ɗan bokanta take yawo a ciki."

Aka yi dariya.

"To mushe, kai da ka leƙa ta a madubi tana barci, minshari take yi?"

"Alhaji, ƙafar mutum nake magana a kai."

"Ƙafar ga ta nan, da ita ya je masallaci. Ku ƴan lakwal, ƴan makarantar boko, ko lafiya kuka gani sai kun nemi takardarta."

Na ja kawu gefe, na ce ya karɓo abinsa. Bai ɗago kai ba. "Ɗana, tuwonsa nake ci, a tabarmarsa nake kwana. Ya miƙo faranti gaban mutane, in ɓoye hannu? Kai ma ka san ba a yi."

Na samo masa wani kafson. Juma'a ta gaba shi ma ya shiga farantin, domin Alhaji ya riga ya san akwai shi, ya kuma tambaya da murmushi. Bai taɓa tilasta kowa ba. Mai ba ka masauki ba ya bukatar tilas, kuma ya san haka sarai.

Ciwon ya dawo ta ciki. Kawu ya ɓoye shi a tsumma don kada a ce na yi gaskiya a kan mai gidansa, har wari ya tona shi. Da aka kawo mini mugunyar, na rubuta sakamakon kamar na kowa, da suna da lamba. Cutar ta riga ta kai ƙashi. Aka yanke rabin tafin ƙafar. Mai ban ruwa a gonar tattasai a tsaye yake yini cikin laka, kawu kuwa ya san ma'anar wannan kafin kowa ya faɗa masa.

Ranar da aka sallame shi na kai shi ɗakina, yara suka koma kwana a tsakar gida. Abu na farko da ya roƙe ni shi ne in je in yi wa Alhaji godiyar masauki. Kawuna ne, ba ni musa masa. Na je na isar da saƙon kalma da kalma, a tsaye, ban cire takalmi ba.