Abin da Goggo Ke Ɓoyewa a Mayafi

Shekarun baya, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, aka aiko makarantarmu ta kwana cewa mahaifina ya rasu. A bayan motar auduga na taso daga Funtuwa, ko da na isa garinmu Gozaki har an kai shi makwancinsa.

Halin da na tarar da mahaifiyata ya fi mutuwar tsorata ni. Ta shiga takaba ba kuka, ba magana, ba ci. Kunu yadda aka ajiye haka ake ɗauke shi. Kwana biyar a haka, har idonta ya faɗa.

Da na rasa inda zan sauke haushina, sai na sa wa goggona ido, ƙanwar mahaifina. Sau uku ina ganinta tana saɗaɗawa turakarsa, ta fito da abu ƙunshe a mayafi. Har rumbu ta leƙa. Na ce lallai an fara kwashe kaya tun kafin rabon gado, an ɗauka 'yar boko ba ta gani.

Ni dai ba ni da haƙuri. A gaban mahaifiyata da matan da suka zo gaisuwa na tare ta, na ce ta kwance mayafin. Tana ta ƙifta mini ido, na fizga. Battoci huɗu suka zube, garin taba ya tashi, wata tsohuwa ta kama atishawa.

Goggo kamar ta nutse. Ashe shekara goma ke nan da mahaifina ya yi wa mahaifiyata alkawarin ya bar taba. Goggo so take ta zubar, kada a gane bai bari ba a ƙullaci mamaci.

Mahaifiyata ta dubi battocin ta ce, "Saura ɗaya, tana cikin tukunyar irin dawa."

Ta ƙara da cewa:

"Ni nake bi ina gauraya masa da toka saboda tarinsa. Shi ba halin ya yi ƙorafi, ni ba halin in faɗa."

Sai ta fashe da dariya, ɗakin duka ya ɗauka. Dariyar ba ta ƙare ba ta koma kuka, irin wanda muka kwana biyar muna jira. Da ta share fuska, da bakinta ta ce a kawo kunu.

Tun ranar ban ƙara hararar wanda ya yi dariya a gidan makoki ba, don ban san me ta kwance masa a ƙirji ba. Zargi kuwa na rage, ban daina ba. Goggo ma ba ta bari na manta ba: har ta rasu, in ta hango ni sai ta buɗe mayafi ta ce, "Malama, a bincika."