Azarar da Yayana Ya Kafa Mini

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina bin wannan fili, sai yau na iya ɗaukar biro. A lokacin da abin da zan faɗa ya faru ni saurayi ne da ya gama sakandare bai samu ci gaba ba. Ina zaune a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, a gidan yayana, wanda shi ya riƙe ni tun rasuwar iyayenmu. Yaya manomi ne, tumatir da albasa da rani, shinkafa da damina. Ni kuwa gona ba ta taɓa shiga raina ba, na fi son hawa motar tumatir ina lodin kwanduna, don a can ake hira a ga gari. Wata rana ina saman lodi igiya ta tsinke, na faɗo da baya a kan kwalta.

A asibiti a Kano likita ya ce lakata ba ta tsinke gaba ɗaya ba, akwai sa ran zan taka, amma da sharaɗi. Kullum sai an tsayar da ni a kan ƙafafuna ko da ina kuka, in kuwa aka bar ni a kwance gwiwoyin za su sanƙare, ba mai iya miƙe su kuma. Yaya bai yi boko ba, amma maganar nan ya riƙe ta kamar karatun allo. Muna dawowa ya samo azara biyu ya ɗora su a kan gwafanni a tsakar gida, daidai ƙuguna, ya kankare su da fasasshiyar kwalba don kada sartse ya shige ni, ya naɗe su da tsohon tsumma. Kullum bayan la'asar in ya dawo daga ban-ruwa sai ya sunkuce ni ya kai ni tsakaninsu, ya tsaya a bayana ya riƙe ni. Azabar ba ta faɗuwa. Abin da ya fi azabar kuwa shi ne matan unguwa da suke zuwa turara shinkafa wurin matarsa. Suna kawar da kai don kunya, amma na san sun ga yadda nake lilo, sun kuma ga ranar da fitsari ya kufce mini.

Ana cikin haka wani abokina na makaranta da ke karatu a birni ya zo duba ni. Lokacin da intanet ya fara shiga wayar hannu ke nan. Ya bar mini tsohuwar wayarsa, ya buɗe mini wani shafi da ake kira bulog, ya ce kamar littafin ajiye tunani ne, sai dai duk wanda yake so a duniya zai iya karantawa ya bar maka magana a ƙasa. A ɗakina wuri ɗaya ne sabis yake kamawa, kusurwar gado ta jikin taga. A nan na fara rubutu da babban yatsa, da Hausa, ina ba da labarin yadda rana take wuce wa mutumin da ba ya tashi. Da na ga saƙon farko daga wanda ban sani ba, yana cewa Allah ya ba ni lafiya kuma yana jiran na gaba, sai da na kifa wayar a ƙirji. Tun da na faɗo kowa tausayina yake ji. Wannan shi ne na farko da ya ce yana jiran wani abu daga gare ni.

Ba mu da wuta, don haka Yaya ne da kansa yake tafiya da wayar da safe ya ajiye ta wurin mai caji a bakin titi, ya karɓo ta da yamma. Yakan miƙo mini ita da hannunsa mai taɓo yana cewa ga amaryata nan an yi mata wanka, in gaisa da ita kafin ya wanke ƙafa mu je azara. Da farko ina ajiyewa in ya gama wanke ƙafar. Daga baya na fara cewa ya bari in ƙarasa layi ɗaya. Sai na fara cewa yau bayana yana ciwo. Yakan tsaya a bakin ƙofa yana jira har inuwa ta rufe tsakar gida, sannan ya ce to, ɗan boko, gobe ba zai karɓi uzuri ba.

Na ba masu karatuna labarin azarar nan, suka kuwa so ta. Kullum tambayarsu ita ce yau yaya aka yi. Ranar da na fara rasa amsa, don ban fita ba, sai na rubuta cewa na fita kuma na ɗan saki hannu ɗaya. Addu'o'in da suka zubo ranar ban taɓa ganin irinsu ba. Daga nan ban iya tsayawa ba. A shafin na saki hannu biyu, na karɓi sandunan dogarawa, na kai zaure, na kai ƙofar masallaci. Kafin a gama tsinkar tumatir na rubuta cewa na taka har bakin babban kanal, magudanar ruwan noman rani, na zauna a kan siminti, na kwatanta yadda ruwa yake gudu da yadda balbelu suke bin masu huɗa. Duk daga abin da na sani ne kafin in faɗi. A zahiri kuwa tabarmar ƙofar ɗakina ma ban taka ba.

Ba zan ce ina jin daɗi ba. Na zama kamar wanda aka kulle a ɗaki biyu, ɗaya a cikin ɗaya. In na ce zan faɗi gaskiya sai in tuna mutanen da suka ce sun yi sujadar godiya saboda ni. In na ce zan koma azara sai in ga nisan da ke tsakanin inda nake da inda na ce na kai, in ji ba zan iya komawa ina lilo a gaban mata ba alhali duniya ta san ni a bakin kanal. Sai in ja wayar in ƙara wani takun. Yaya ya lallashe ni, ya taɓa ɗaga mini murya sau ɗaya ya ce ƙafa ba ta jiran mutum ya shirya. Na ce masa jikina ne, ya ƙyale ni. Bai daina kai wayar caji ba, amma ya daina kiranta amarya.

A cikin masu karanta ni akwai wani magidanci, tela ne a Zariya, wanda babur ya kayar ya samu irin ciwona. Ya sha rubuto mini cewa ya riga ya sallama, sai labarina ya tashe shi, har ya sa an kafa masa itace biyu irin nawa. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ji sallama a zaure, na ji muryar Yaya yana cewa a shigo. Sai ga mutum a kan sanduna biyu, yana jan ƙafa ɗaya, gumi ya jiƙa masa riga, yana dariya. Shi ne. Ya ce tun daga bakin titi yake tambayar gidan mai rubutu, ya kuma hana ɗan acaɓa ya kawo shi ƙofar gida don yana so in gan shi da ƙafarsa. Ya riƙe hannun Yaya ya ce ashe wannan ne mai azara, Allah ya biya shi. Sannan ya shiga ba shi labarin tafiyata daki-daki, zaure, masallaci, kanal. A ƙarshe ya juyo wajena ya ce ranka ya daɗe malam, a ɗauko sandunan mu je bakin ruwan nan, mu ga tsoho da yaro wa zai riga wani.

Yaya ya kalle ni sau ɗaya. Ban manta kallon ba, kuma babu fushi a cikinsa. Sai ya ce wa baƙon ai zazzaɓi ne ya kayar da ni kwanakin nan, jiki ya ɗan koma baya, a taya mu da addu'a. Ya ce amma baƙo ba zai zo daga Zariya ya koma bai ga ruwa ba, shi zai raka shi. Ta tagar nan da nake samun sabis na hango su a kan hanyar gona. Baƙon yana dogarawa a hankali, Yaya yana gefensa ya rage tafiya, ya miƙa hannu ɗaya a bayan mutumin bai taɓa shi ba, yana tsaron kada ya faɗi. Haka ya shirya zai yi mini.

Da baƙon ya tafi Yaya ya zauna a bakin gadona. Ya ce bai san na kai kanal ba, da na gaya masa da ya raka ni. Bai ƙara komai ba sai cewa gobe. Washegari ya kai ni azara, ni ma ban yi gardama ba, amma gwiwoyina suka ƙi miƙewa. Ya danna, ya gasa da ruwan ɗumi, ya shafa man shanu, suna nan a lanƙwashe. Muka koma asibiti, likita ya ce jijiyoyin sun ɗaure, ko an yi aiki ba shi da tabbas, ya tambaya me ya sa aka daina tsayar da ni. Yaya ya ce laifinsa ne, aikin gona ya yi masa yawa.

Duk da haka bai daina ɗaukata ba, har damina ta faɗi. A cikin dashen shinkafa zazzaɓi ya kama shi, ya ƙi kwanciya don ruwa ba ya jira, kafin a ankara ya ci ƙarfinsa. Da aka fito da shi a makara sai da aka ɗan karkata don a wuce azarar. Na ja jiki har bakin zaure, iyakata ke nan. Ban raka shi ba.

Ban sake rubuta komai a shafin ba. Ban goge shi ba, ban kuma gyara ba, don haka in yana nan, har yau ina zaune a bakin kanal a cikinsa. Wannan takarda ita ce gyaran. In telan nan yana karantawa, ina neman gafararsa, ina kuma so ya sani cewa tafiyarsa gaskiya ce ko da tawa ba gaskiya ba ce.

Ba na zagin rubutu, Edita. Shi ya riƙe ni lokacin da nake ganin ba ni da amfani a duniya, kuma ina ba duk mai lalura irin tawa shawara ya rubuta. Amma ya rubuta daga inda yake kwance, kada ya ƙara ko taku ɗaya don a yi masa murna, don takun da ka ƙara da baki sai ya hana ka na ƙafa. Mutanen cikin waya suna da kirki, addu'arsu ma ta gaske ce, sai dai ba su ne za su sunkuce ka ba. In mai ɗaukarka yana tsaye a bakin ƙofa yana jira, ka ajiye wayar.

Azarar tana nan inda ya kafa ta. Matarsa ta hana a cire, a kai take shanya kayan yara. In la'asar ta yi, har yanzu nakan ji kamar motsin mutum yana wanke ƙafa a bakin randa, in juya in kalli ƙofa. Allah ya jiƙan Yaya. Wassalam.