Ɗangiwa Manajan Ciyawa

Mahaifin Ɗangiwa bai bar masa shanu ba, bai bar masa shago ba. Fadama ya bar masa a gefen Jabo, mai albasar da dillalan Tambuwal ke rububi. Tsohon ya ƙare ƙarfinsa wajen tonon kirikiri daga cikinta, ciyawar nan mai tafiya ta ƙarƙashin ƙasa, wadda in ka bar gaɓa ɗaya sai ta yi 'ya'ya da jikoki. Bayansa ya tanƙware kafin ya ga bayanta.

Shi kuwa Ɗangiwa noma bai taɓa kwanta masa a rai ba. Yana yi ne don ciki ba ya karɓar uzuri. Abin da yake so a duniya shi ne a kira shi da muƙami. Ya yi sakataren wata ƙungiya da ba ta taɓa zama ba, ya bi 'yan siyasa har takalminsa ya cinye, ya tashi da hula da sabulu.

Ana nan sai aka buɗe wata jami'a ta 'yan kasuwa a kan hanyar Sakkwato. Wani attajiri ya ba ta kuɗi masu kauri don a koya wa ɗalibai golf, wasan da ake bugun 'yar ƙwallo da sanda ana bin ta a ƙafa har ta faɗa rami. Wasan yana son fili mai ruwa rani da damina. Dakta Jamaluddeen, shugaban kwamitin wasan, ya zo ya ga fadamar Ɗangiwa, ya yi masa alkawarin kuɗin haya da albashi. Duk wannan bai girgiza shi ba, sai da aka ce za a naɗa shi Manajan Fili, aka ɗora masa farar hula mai baki. Nan take ya ce a auna fadamar.

Kuɗin attajiri suka bi hanyar da kuɗin kwamiti ke bi. Aka yi bikin ƙaddamarwa da rumfuna da shinkafa. 'Yan kwamiti suka tafi ƙasar waje ganin yadda ake wasan, suka dawo da tumbi da turare. Aka sayo sanduna cikin jakunkunan fata, aka sayo irin ciyawa da dala. Sai da aka shuka sannan aka tuna ba a ware ko sisi na man injin ban-ruwa ba. Dakta ya dafa kafaɗar Ɗangiwa ya ce, “Manaja, ka fara sa naka, da an saki kuɗi a mayar maka.” Jin an ce Manaja a gaban mutane ya ishe shi biya.

Da ciyawa ta tsiro, matarsa Yelwa, 'yar Kebbe da ta tashi a gona, ta kawo masa fura. Ta sunkuya ta tuge guda, ta juya saiwar.

“Malam, wagga ai kirikiri ta. Ita Baba ya mutu shina tona.”

Ɗangiwa ya sani. Tun ranar da ta fara leƙowa ya gane ta, ya kuma ji kunyar kabarin ubansa. Amma ya taɓa bakin hularsa ya ce, “Ke mi kinka sani? Wagga ta Turai ta. Ni nika kula da ita, ba ta ƙetare inda anka aza ta.”

Ya sayar da albasar da ya ajiye ya sayi mai. Ya sayar da iri ya ƙara. Ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar rani. An tsara cewa kuɗin rajistar ɗalibai ne zai riƙe wasan, amma ɗaliban sau ɗaya suka zo, suka ɗauki hoto da sanduna, rana ta dafa su, ba su ƙara dawowa ba. Dakta da abokansa ne ke zuwa ranar Asabar, Manaja na bin su da jaka a kafaɗa yana tsintar ƙwallo.

Akwai Sambo, makiyayin da tun zamanin iyaye danginsa ke sauka a gonar tudun su Ɗangiwa bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki. Wata rana shanunsa suka hango kore suka faɗa fili. Ɗangiwa ya kai shi gaban hakimi, aka ci shi tara, sannan Ɗangiwa ya ce masa kada ya ƙara ganin kofato a gonarsa. Sambo ya biya, ya kora shanunsa ya tafi.

Ba a je ko'ina ba kuɗin attajiri suka ƙare, aka canja shugaban jami'a, sabon ya ce shi bai san da wani golf ba. Dakta aka mayar da shi kwamitin wasan ninƙaya. Haya da albashi da kuɗin mai kuwa har yau ana jiran a saki.

Aka mayar wa Ɗangiwa fadamarsa. Ya kira gayya, ya yanka akuya, mutane suka ci suka sha, suka sara hauya suka ga saiwa ta saƙa ƙasa kamar tabarma, kowa ya tuna yana da wani uzuri. Ya ɗauko hayar tarakta, ta daddatse ciyawar gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa ta tsiro da kanta. Albasar da ya dasa ko kai ba ta yi ba.

Sambo ne ya zo da rani, ya tsaya a bakin fili da sandarsa a wuya, ya daɗe yana kallo.

“Manaja, ciyawarka ta yi kyawo. In ka ci gaba da ba ta ruwa, shanuna na ci, ni ko in riƙa aiko ma da nono.”

Haka ake har yanzu. Da safe za ka ga Ɗangiwa da hularsa da ta koma launin ƙasa, yana jan tiyo shanu na biye da shi. In ka ce Manaja zai waiwayo. Albasar miya kuwa, ran kasuwar Tambuwal Yelwa ke sayowa.