Sanda Mai Jan Ƙyalle

Mun tashi da asuba daga Haɗeja, ni da maigidan da yaranmu biyu, da kular dambun shinkafa, da wata farar doguwar riga da na ɓoye a ƙasan jaka. Wata uku ke nan ina nuna masa hotunan tsibirai a waya, wannan a Zanzibar, wancan a Maldives: farin yashi, shuɗin ruwa, iska tana wasa da mayafi. A littattafan da na taso ina karantawa, duk mijin kirki sai ya kai matarsa bakin teku. In na tambaye shi wanne ya fi, sai ya ce, "Ki zaɓa, Hajiya, ni kuma in nemo jakin da zai kai mu." Ranar Alhamis ya dawo da labarin cewa akwai tsibirai a kogin nan namu, ta wajen Auyo, kuma ba a tambayar fasfo.

Damina ta fara sauka. Hagu da dama gonakin shinkafa ne, mutane a sunkuye suna dashe. Mun karya da koko da ƙosai a bakin titi, ƙosan da ya ƙanƙance har ƙaramin yaronmu yana jefa biyu a baki lokaci ɗaya. Inda kwalta ta ƙare muka hau babura biyu, muka yi ta kutsawa cikin laka har mashigi, inda mata suke bandar kifi hayaƙi ya tokare sama.

Mai jirgin da aka haɗa mu da shi dattijo ne siriri, farin gemu, kowa Baba yake ce masa. Ya ce tsibiran biyu ne. Na farko tudu ne, da giginya da bukkokin masunta. Akwai inuwa, akwai mutane, akwai sauro da ƙarnin kifi. Na biyu yashi ne zalla, fari tas.

"Amma shi na aro ne," in ji shi. "Rani ke ba mu, damina ta karɓe. An tafka ruwa a yamma shekaranjiya, yana hanya."

Maigidan ya ce mu je tudun. Na kalle shi irin kallon da ya sani, na ce wata uku ban yi mafarkin ƙarnin kifi ba. Baba ya dubi kogin ya ce za mu iya samun lokaci zuwa la'asar. Muka shiga kwalekwale, ni da maigidan kowa ya riƙe yaro ɗaya, domin cikinmu babu wanda ya iya iyo.

Mun ratsa ta wani lungu cikin kacalla, ciyawar nan da ta fi mutum tsawo, sai kawai kogi ya buɗe. Ga tsibirin can a tsakiya, kwance, yana ƙyalli. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Tsawonsa bai fi filin ƙwallo ba, ko tsinke babu a kai, amma ni a ranar ban ga abin da Zanzibar za ta nuna masa ba.

Kafin ya tafi, Baba ya kafa wata sanda daidai inda ruwa ya taɓa yashi, ya ɗaura mata jan ƙyalle kamar taƙi ɗaya sama da ruwan. Ya ce da maigidan, "Alhaji, zan duba tarkunan kifina can gefen kacalla. Daga can ina hango jan nan. Muddin ina ganinsa kuna da lokaci. Da ruwa ya rufe shi za ku gan ni." Na ji maganar, amma da kunne ɗaya, don hankalina yana kan inda zan sa farar rigata.

Mun sha hotuna. Yara suka yi ta gudu, 'yarmu mai shekara bakwai tana kaɗa wa Baba gyalena daga nesa, shi kuma yana ɗago hannu. Bayan azahar maigidan ya kafa zani a kan lemarmu ya kishingiɗa da ƙaramin, barci ya kwashe su. Ni kuwa ga jiƙaƙƙen yashi shimfiɗe a gabana, sumul kamar takarda. Na nemi abin rubutu ban samu ba. Sai idona ya faɗa kan sandar.

Na zare ta. Na zana zuciya babba, na rubuta sunana da nasa a ciki, na ja da baya ina kallo. Da na gama sai na soke ta nan inda nake tsaye, a busasshen yashi, na koma na zauna ina jiran ya farka ya gani.

Ni ma gyangyaɗi ya ɗauke ni. Muryar 'yarmu ce ta tashe ni: "Umma, silifas ɗina yana tafiya." Na duba. Yana tafiya kuwa, ruwa ya ɗauke shi. Ruwan da muka tarar garai-garai ya koma ja, yana tafe da kumfa da karare. Zanen da na yi babu shi. Tsibirin ya rage bai fi tsakar gidanmu ba.

Na tashi maigidan. Ya murza ido ya dubi sandar, ya ce, "Kwantar da hankalinki. Ga ƙyallen can a sama, kamar yadda ya bar shi. Mutumin nan ya san aikinsa."

Na dubi sandar. Ruwan ya hauro har gindin sandar a sabon wurinta, ta koma daidai yadda Baba ya kafa ta da safe. Duk wanda ya kalle ta, daga nan ko daga gefen kacalla, zai rantse kogin bai motsa ba. Ni kaɗai na san inda take da farko, kuma wurin yanzu ruwa ne mai gudu.

"Abban yara," na ce, "ba nan ya kafa ta ba. Ni na matsar da ita."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. "Taku nawa kika matsar da ita?"

"Goma. Ko fiye."

Ya saɓa ƙaramin a wuya, muka shiga ƙwalla wa Baba kira. Iska tana busowa daga wajensa, tana dawo mana da muryarmu. Waya ba sabis. Na kaɗa gyale da dukan ƙarfina, sai Baba ya ɗago hannu ya gaishe mu, kamar yadda ya yini yana yi, ya sake sunkuyawa kan tarkunansa. Ruwa ya shafe sauran yashin, ya rufe mana idon sawu. Abin da ba a rubutawa a littafi shi ne yashi ba ya tsayawa a ƙarƙashin ƙafa: ina ji yana zarewa kaɗan-kaɗan, ina nutsewa. 'Yarmu ta ƙanƙame ni tana karanta duk addu'ar da ta koya a Islamiyya, har da ta shiga kasuwa.

"Me ya ce zai kawo shi?" maigidan ya tambaya, kamar da kansa yake magana.

Na miƙa masa hannun yarinyar, na taka zuwa sandar, ruwa yana jan rigata. Na tuge ta, na danna ta ƙarƙashin ruwa, na taka da ƙafa. Muka zuba ido. Baba yana sunkuye. Na yi salati ban san adadi ba. Can ya ɗago, ya sa hannu a goshi, ya daɗe yana dubawa. Sai muka ga ya watsar da abin da ke hannunsa ya rarumi gorar tuƙi.

Lokacin da ya iso ruwa ya kai gwiwar 'yarmu. Ya kafe gorar ya tokare jirgin, jijiyoyin hannunsa duk sun tashi, muka jefa yara ciki muka bi su. Kular dambu da lema muka bar wa kogi.

Mun shiga kacalla kafin ya yi magana. "Ku yafe ni, Alhaji. Tun ina saurayi nake kafa sanda, ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Yau ina kallon ja, ashe ruwa ya wuce. Idon ne ya tafi. Daga yau na daina ɗaukar 'ya'yan mutane." Maigidan ya dube ni. Na sunkuyar da kai har muka iso gaci.

A mashigi, gaban matan banda, na durƙusa da rigata da ta koma kalar laka, na faɗa wa Baba gaskiya. Kafin in gama na fara kuka.

"Ke kika matsar da ita, 'yar nan? Da hannunki?"

"Ni ce, Baba."

"Alhamdu lillahi!" Ya juya wajen matan. "Kun ji ko? Idona garau yake!" Sannan ya dawo kaina. "To me kika yi da ita?"

"Suna na rubuta."

Wata tsohuwa mai juya kifi ta ce, "Sunan wa, amarya? In na Alhaji ne ai da kin tambaye shi, ya san abinsa." Mashigin ya kaure da dariya, har maigidan.

Mun iso gida bayan magariba, yarinya da silifas ɗaya. Abin da na koyo bai da yawa, amma ya zauna: in ka je wurin mutane ka ga sun kafa wani abu, ko tsinke ne, akwai abin da yake riƙe da shi. Kuma in an ba ni zaɓi gobe, tudu mai sauro zan ɗauka.

Makon jiya aiki ya bi da maigidan ta mashigin. Ya ce Baba yana nan yana ɗaukar mutane, sai dai yanzu kafin ya kafa sandarsa yakan bi fasinja da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko akwai mai sha'awar rubutu.