Gidan da Muka Fara Zanawa da Toka

Shekarar da muka sayi fili a bayan unguwar Firchin da ke Jega, muna zaune a gidan haya mai ɗaki biyu, murhuna a bakin ƙofa. Maigidana yana koyarwa a wata sakandare a Aliero, kullum ya tafi da safe a kan babur, ya dawo bayan la'asar. Wata rana ya shigo da takarda a naɗe, ya shimfiɗa ta a kan tabarma, ya danne gefenta da kofi. Wani abokin aikinsa ne, Kirista mutumin Zuru mai koyar da zane, ya zana masa kyauta.

"Ga gidanki," in ji shi. "Nan falo, nan ɗakinki, nan kicin."

Na ce ya yi kyau. Gaskiya ban ga komai ba sai layuka da lambobi, amma yadda fuskarsa ta cika da murna ya hana ni cewa ban gane ba.

Babana magini ne a Karaye ta nan kusa da mu, da laka da tubali ya ci da mu. Ranar kasuwa ya shigo Jega ya biyo ta wurinmu, maigida ya kawo masa takardar cikin ladabi. Baba ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya miƙa masa abarsa.

"Malam, ni ban san karatun wagga takarda ba. A kai ni filin." Ya dube ni. "Ke kuma ɗiyata, ki tara mini toka bokiti guda."

Ranar Asabar da hantsi muka tafi mu huɗu, har da mai zanen. Shi yana karanta awo daga takarda, maigida yana jan igiya yana kafa turaku, Baba yana bin igiyar yana zuba toka da hannu. Kafin azahar ga gida kwance a ƙasa, fari fat, kowane ɗaki da gurbin ƙofarsa.

Baba ya karkaɗe hannu ya ce, "To, shiga gidanki."

Na yi dariya, na ɗaga ƙafa zan tsallake layi.

"A'a, nan bango ne. Bi ta ƙofa. Kin tashi da safe, mi za ki fara yi?"

Kunya ta kama ni, ga miji ga baƙo, amma na bi. Na fito daga ɗakina, na je inda za a haƙa rijiya, na ɗauko ruwan da babu, na nufi kicin. Sai na ga dole in ratsa ta falo da bokiti a kai, ko da kuwa maza na zaune. Kicin ɗin ba shi da ƙofar waje, ni kuwa da itace nake tuwo. Na tsaya ina neman inda zan ajiye turmi, ban samu ba. Na nemi inda zan shanya wanki, na ga falo ya cinye tsakar gida, abin da ya rage bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Baba ya taka daga gurbin rijiya zuwa na ramin shadda yana ƙirga sawu, ya tsaya a na tara, kusancin ya yi yawa.

Mai zanen ne ya riga kowa magana. "Wannan kuskurena ne, Baba. Ban taɓa ganin filin ba, a tebur na zana."

Maigida ya naɗe takardarsa muka koma gida. Wata biyu ya yi yana kallon takardar nan, har ya san launin fentin da zai shafa wa falo. Sai da na kawo abinci ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kin rushe mini gida tun ban gina ba."

Na ce, "Malam, gara mu share toka da mu fasa bulo."

Ya ci abincinsa ya fita masallaci. Kwana biyu bayan nan, yana ɗaure jakarsa a bayan babur, ya ce kada in zubar da tokar makon nan.

Asabar huɗu muka yi muna komawa, mu biyu kawai. Mu share da tsintsiya, mu sake zubawa. Ban taɓa yin hira da mijina irin ta waɗannan ranaku ba. Muka rage falo. Muka mayar da kicin kusurwar yamma, da rumfa a gabansa, don iska ta riƙa fitar da hayaƙi waje. Tagogi manya muka sa su kudu da arewa suna kallon juna, na gabas ƙanana, saboda daga can hadari ke bugowa. Shadda ta koma can ƙarshen fili. Akwai dogonyaron da takarda ta ce a sare, muka matsar da ɗakin yara muka bar shi.

Maigida ya so a fara haƙa tushe nan da nan, Baba ya aiko cewa a jira ruwan farko mai ƙarfi. Ranar da aka yi shi, ana cikin zubawa maigida ya ɗauki lema ya fita zuwa filin. Ya dawo wando jiƙe har gwiwa, ya ce ruwan unguwar duka ta kan gurbin ɗakina yake bi. Shi ya sa aka ɗaga tushen gidan da layi uku na bulo, aka yi wa ruwa hanya ta gefen katanga.

Abu ɗaya Baba da maigida suka saɓa a kai, bayan gida a cikin ɗaki.

"Mutum shi kwana da shadda ɗaki guda?" in ji Baba.

Maigida ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri da wannan. Akwai tsufa, akwai ciwo."

Ni ma na goyi bayansa. Baba ya koma Karaye bai ko sha furar da na dama masa ba. Amma ranar da aka buga bulo sai ga shi da jakarsa. Mako guda ya zauna yana ba bulon ruwa safe da yamma, ya hana magina taɓa ko ɗaya sai da ya ƙwanƙwasa ya ji ya yi ƙara. Siminti ba sana'arsa ba ce, amma ya ce duk abin da ya bushe da gaggawa tsagewa yake.

Da ɗaki biyu muka tare, babu filasta, tagogi an toshe da buhu. Sauran ya ɗauke mu shekara shida, Baba ya rasu bai ga fentin ba. Kuma duk da tsallake-tsallaken da muka yi, mun manta da wurin ajiye hatsi. Har yau buhunan gero a bayan kujerar falo suke.

Ranar da muka tare ko ƙyauren gida ba a sa ba. Na shanya tsakin masara a tsakar gida, na shiga jera kwanuka, na fito na tarar da awaki biyar sun kusa gamawa da shi. Washegari wata Bafulatana daga rugar da ke bayanmu ta yi sallama da ƙwaryar nono, tana ta ba da haƙuri, ashe awakin nata ne. Na shimfiɗa mata tabarma muka zauna. Ita ce baƙuwata ta farko a gidan, kuma sai da birni ya ture su zuwa wajen Sarandosa ta daina zuwa.